Yadda ake haɗa shokabzoba na baya da dogayen sifirin a tsohuwar mota

Wanda duk ya daɗe da tsohuwar mota ya san yadda bayanta ke zama a hankali har ka wayi gari taya ta kusa shigewa cikin bodi, sai mutum ya je ya samo sabbin sifirin masu ɗan tsayi ya ɗaura, mota ta miƙe tayi kyau, murna ta cika shi. Kwana biyu sai ya fara jin wani "ƙwas" daga baya duk lokacin da ya sauko daga tudu ko taya ta faɗa rami. Ni ma haka ta faru dani, kuma abin haushi sai da na canza bushin na ɗaure salansa na kwashe duk tarkacen da ke cikin but ina neman inda ƙarar take, ashe tsohon shok ɗin ne ya ƙare tsayinsa. Sifirin ya ɗaga motar inci biyu, shi kuma shok yana nan yadda kamfani ya yi shi, to duk sanda taya ta so sauka ƙasa sai ya fizge ta.

Abinda zan yi ta nanatawa a nan shi ne, da zarar ka canza tsayin mota to sunan motar ya daina yi maka amfani wurin sayen shok. In ka je ka ce a baka shok ɗin mota kaza ta shekara kaza, wanda za a miƙo maka an yi shi ne don tsayin asali. Tef ɗin awo ne zai gaya maka abinda za ka saya.

Ka fara gane aikin kowanne tukun. Sifirin shi ke ɗauke da nauyin mota, shi ke yanke tsayinta. Shok baya ɗaukar nauyi, aikinsa ya hana sifirin ɗin yin ta rawa bayan an wuce gargada, da mai da ke ratsa ƙananan ƙofofi a jikin fistin ɗin da ke cikinsa. Kuma kowane shok yana da lambobi uku: tsayinsa in an ja shi ya miƙe gaba ɗaya, tsayinsa in an danne shi ya shige gaba ɗaya, da kuma bambancin da ke tsakaninsu, wato tafiyarsa. In mota na tsaye a ƙasa ana so fistin ya zauna wajen tsakiya, ya zama yana da wurin shiga yana da wurin fita. Yawancin masu wannan aiki a motar titi suna barin kamar kashi 60 cikin 100 na tafiyar don dannuwa, kashi 40 don miƙewa, in ya zo rabi da rabi ma ba laifi.

To matakin farko, kada ka yi awo ranar da ka ɗaura sifirin. Sabon sifirin yana ɗan zama bayan an yi yawo dashi, ka ba shi 'yan kwanaki kana tuƙi a hankali. Ranar awo ka sami wuri shimfiɗaɗɗe mai siminti, iskar tayoyi daidai, tanki kamar rabi, kayan da kullum suke cikin but irinsu safaya da jak su zauna a inda suke. In dama don ɗaukar kaya ka sa dogayen sifirin ɗin to ka yi awo biyu, ɗaya ba kaya ɗaya da kaya. Ka tanadi jak mai ƙarfi, ƙarafunan tokare mota guda biyu ko huɗu, tef, alli ko maka, sifanoni, man kwance tsatsa, da takarda da biro, dan Allah ka rubuta komai, kar ka ce za ka riƙe a ka.

Awo na farko shi ne na tsayuwa. Mota tana kan tayoyinta, ka danna bayanta sau biyu uku ka saki ta zauna da kanta, sannan ka auna daga inda shok ke ɗaure a sama zuwa inda yake ɗaure a ƙasa. In tsohon shok ya riga ya miƙe har ƙarshe yana riƙe motar ƙasa to awon ƙarya zai baka, saboda haka ya fi kyau ka kwance ƙasansa tukun. Akwai motar da ana zare kusar ƙasa za ka ga bayanta ya ƙara tashi da kansa, wannan ma ya isa shaida. Wurin da ake sa bakin tef yana da muhimmanci: in kan shok ɗin zobe ne mai bushin, daga tsakiyar ramin ake aunawa, in kuma sanda ce mai zare da ake ɗaurewa da noti, daga kafaɗar da washa (ɗan faifan ƙarfe mai rami) ke zama ake farawa ba daga ƙarshen zaren ba. Kamfanoni suna ɗan sha bamban a nan, ka duba yadda wanda za ka saya a wurinsu suke nasu awon kafin ka kwatanta lambobi. Ka auna dama ka auna hagu, tsohuwar mota da wuya ɓangarorin su zo ɗaya cif.

Awo na biyu na miƙewa ne, kuma a nan ne ake jin ciwo in an yi sakaci. Ka sa wa tayoyin gaba waigi, ka ɗaga motar, ka tokare shasi da ƙarfe ba aksul ba, domin aksul ake so ya iya sauka. Ka sa jak a ƙarƙashin aksul ya riƙe shi kafin ka taɓa kusar shok. A motoci da yawa masu naɗaɗɗen sifirin shok ɗin ne kaɗai ke hana aksul faɗowa, misali motar Chevrolet Chevelle ta 1964 zuwa 1972, yadda ake cire sifirin ɗinta na baya ma kenan, a kwance shok a sauke aksul sifirin ya saki. Marsandi W123 kuwa shok ɗin ta cikin sifirin ya bi kuma shi ke tsayar da hannun ƙarfen da ke riƙe taya in ya sauka, ka kwance shi ba tare da ka tokare hannun ba ka ga abinda ba ka so. Bayan ka kwance, sai ka riƙa sassauta jak kaɗan kaɗan, kana sauke rabin inci kana leƙawa. Abubuwan da kake kallo: tiyon birki na roba da ya taso daga bodi zuwa aksul, wayar birkin hannu, farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul) ko ta fara taɓa wani abu ko tana neman zarewa daga bayan giya, salansa in ta bi ta ƙarƙashin aksul, da shi kansa sifirin ɗin. Duk wanda ya fara kaiwa iyakarsa a cikinsu, nan ne iyakarka. Ka kama sifirin da hannu ka jijjiga, daga lokacin da ya fara motsi a mazauninsa to ka wuce wuri, ka ɗaga jak ya koma ya kama sosai sannan ka auna tsakanin maɗauran biyu. Sabon shok a miƙe dole ya gaza wannan lambar da aƙalla rabin inci, in ba haka ba wata rana za ka hau tudu da sauri sifirin ya fice daga mazauninsa, ko tiyon birki ya zama shi ne igiyar da ke riƙe aksul, wanda wallahi bana so ma in tuna.

Awo na uku shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa saboda wahala, kuma shi ne ke kashe sabon shok. Dannuwa. A saman aksul ko a jikin shasi akwai wata roba mai kauri da aka sa don ta tare aksul in mota ta dannu har ƙarshe. Dogon sifirin ya ɗaga motar amma bai matsar da wannan robar ba, tana nan inda take, ma'ana ranar da ka faɗa babban rami da kaya aksul zai taso har inda yake tasowa tun da. Dogon shok kuma jikinsa ma dogo ne, baya iya shigewa ya gajarta kamar tsohon. In shok ya ƙare shigewa kafin aksul ya taɓa roba, to duk nauyin motar a kan shok ɗin da maɗaurinsa zai sauka, bawul ɗin ciki ya lalace, ko sanda ta lanƙwashe, ko kuma a tsohuwar mota mai tsatsa ka ga kan shok ya huda ƙarfe ya leƙo cikin but.

In naɗaɗɗen sifirin ne, ka cire su duka biyu, ka ɗaga aksul da jak har ya taɓa robar ya fara matse ta, ka auna. Robar tana matsuwa fiye da yadda jak zai iya matse ta in an buga ta da ƙarfi, don haka ka cire kamar rabin kaurinta daga lambar da ka samu. Tunda sifirin na waje, ka ɗaga gefe ɗaya ka bar ɗayan a ƙasa ka ga ko lambar ta canza, ka ɗauki mafi ƙanƙanta. In kuma sifirin mai falle-falle ne irin na motar Ford Mustang ta 1965, cire shi ba zai yiwu ba tunda shi ke riƙe da aksul ɗin, sai ka yi da lissafi: mota na ƙasa ka auna ratar da ke tsakanin roba da inda take bugawa, ka ƙara rabin kaurin robar, ka cire jimlar daga awon tsayuwa. In robar ta farfashe ko ma babu ita, wanda ba abin mamaki bane a motar da ta shekara hamsin, ka sa sabuwa kafin kayi wannan awon.

Bari in kawo misali da lambobi don abin ya zauna, lambobin na misali ne kawai kar wani ya kwafa ya je saye. A ce tsohon shok inci 11.5 ne a danne, 18.5 a miƙe, tafiyarsa 7 kenan. Da can tsakanin maɗaurai 15.5 ne in mota na tsaye, yana da 4 na shiga 3 na fita, lafiya lau. Ka sa sifirin ya koma 17.5. Yanzu inci 1 kacal ya rage masa na fita, ga inda "ƙwas" ɗin nan yake fitowa, kuma ba ƙara kaɗai ba, a kwana mai gargada tayar ciki tana iya barin ƙasa saboda shok ya hana ta bin titi. Ka yi awo ka samu sifirin yana saki a 21.5, roba kuma tana gama matsuwa a 12.5. To abinda kake nema shi ne shok da bai wuce 21 a miƙe ba, bai kuma wuce 12 a danne ba, wato an bar rarar rabin inci ta kowane ɓangare. Sai ka shiga teburin awo na kamfanoni irinsu KYB, Monroe, Gabriel, Bilstein ko Koni, yawancinsu suna da jerin shok bisa tsayi da irin kai, ka tarar mafi kusa shi ne 13 da 21. Miƙewa ta yi, dannuwa ta zarce da inci 1. Maganinta ka ƙara wa robar tsayi, ko doguwar roba ko ƙarfe mai kaurin inci 1 a gindinta, yanzu aksul zai tsaya a 13.5, shok yana da sauran rabin inci. Daga 17.5 kana da 4 na dannuwa da 3.5 na miƙewa, kaga ka dawo kusan yadda motar take tun asali sai dai ta fi tsayi. Wanda yake aiki da milimita ya tuna inci ɗaya 25.4 ne.

Akwai ɗan ƙarfen nan da ake ɗaurawa a kan tsohon shok don ƙara masa tsayi, mutane na son shi saboda sauƙi. Ni ban cika son shi ba, amma ba haramun bane in ka yi lissafi. Matsalarsa yana ƙara tsayi ta ko'ina: mai inci 2 a kan shok ɗin misalinmu zai maida shi 20.5 a miƙe, da kyau, amma 13.5 a danne, ya wuce 12.5 ɗin roba. Kaga dole dai sai ka koma kan robar. Kuma irin mai zare ɗin nan da ake jonawa a kan sanda wurin jonin ne raunin sa.

Wani abu kuma, lissafin nan na inci biyu a taya inci biyu a shok yana tafiya ne kawai in shok ɗin a tsaye yake a kan aksul guda. In a karkace yake, ko motar kowace taya da hannunta take kamar W123 ko wasu Peugeot 504 salun, shok yana zaune ne a wani wuri a jikin hannun, tafiyarsa ba ɗaya take da ta taya ba. Shi yasa nake cewa a maɗauri ake awo, ba a bakin taya ba. Karkata tana rage masa ƙarfi ma, shok da ya kwanta digiri 30 kusan kashi 75 cikin 100 na aikinsa kawai ke isa ga taya. Irin waɗannan motocin masu hannu daban-daban in an ɗaga su da yawa za ka ga saman tayoyin baya ya buɗe waje ƙasansu ya shige ciki, taya ta riƙa cin gefe ɗaya, wannan kuma ba shok ne zai gyara shi ba, sifirin ne ya yi tsayi da yawa.

Bayan tsayi sai kai. Ka duba sama da ƙasa: zobe ne, sanda mai zare ce, ko kuwa ɗan ƙarfen nan na gicciye mai rami biyu irin na saman shok ɗin Chevelle. In zobe ne ka auna faɗin ramin da kuma faɗin bushin ɗin, in ramin ya fi kusar girma za ka sake samun wata ƙarar da za ta sa ka zargi shok alhali ɗan bututun ƙarfe kawai yake buƙata a ciki. Ka duba kaurin jikinsa ma kar ya goga salansa ko cikin sifirin.

Sai ƙarfinsa, nan ma akwai tarko. Shok mai tsayin da kake nema sau da yawa na a-kori-kura ne ko jif, an yi shi don abin da ya fi motarka nauyi, ka ɗaura shi tsayi ya yi daidai amma baya ya koma kamar katako. Ka tambayi kanka, sifirin nan tsayi kawai ya ƙara ko har da tauri? In taurinsu ɗaya da na asali to shok mai laushi irin na asali kake so, dogo kawai. In ya fi tauri, wayarsa ta fi kauri ko an ƙara falle, to zai riƙa turo motar sama da ƙarfi bayan ya dannu, kana buƙatar shok da ya fi riƙewa wurin miƙewa. Amma ba ninki da ninki ake bi ba, ko da taurin sifirin ya ninka biyu abinda shok ke buƙatar ƙari wajen kashi 40 cikin 100 ne. In da hali ka samu wanda ake iya saitawa, wasu na Koni ana danne su har ƙasa a murɗa a ƙara ko a rage riƙon miƙewa, ka fara daga mafi laushi ka riƙa ƙarawa. Shok masu bututu ɗaya da gas mai matsi sosai suna jure zafi amma sukan ɗan ɗaga mota mara nauyi kaɗan, kuma a tsayi ɗaya tafiyarsu kan fi ta masu bututu biyu gajarta saboda ɗakin gas ya ci wuri, to in kana fama da ƙarancin wuri ka sa wannan a lissafi.

Da kaya sun zo kar ka yarda da abinda ke rubuce a kwali, ka sa tef ka auna da kanka a miƙe da a danne kafin ka ɓata su da maiƙo. Biyu ake canzawa tare, ba a sa sabo a dama tsoho a hagu. In mai bututu biyu ne ka tsayar dashi yadda zai zauna a mota ka danna ka ja sau huɗu biyar har ka ji riƙonsa ya daidaita ba tsalle. Ka ɗaura sama, ka ɗaga aksul da jak har ramin ƙasa ya zo daidai, ka zura kusa amma kar ka ɗaure tam. Bushin na roba ana ɗaure shi ne mota na zaune a kan tayoyinta, in ka ɗaure shi aksul na rataye to da an sauke mota robar za ta murɗe ta zauna a haka har ta yage. Na sanda mai zare kuma ba a matse shi har roba ta baje, ka ɗaure har robar ta kumbura ta kai faɗin washa ka tsaya. Kar ka kama sandar fistin mai sheƙi da filaya, ƙarzuwa ɗaya ta isa ta cinye sil mai ya fara yoyo.

Kafin ka sauke motar gaba ɗaya ka bar aksul ya rataya a kan sabbin shok ɗin ka sake bin komai da ido da hannu: sifirin ya kama ko yana motsi, tiyon birki yana da sauran lanƙwasa ko ya miƙe kamar tsirkiya, taya tana juyawa ba inda farfela ke gogawa. In tiyon ya miƙe a sa mai tsayi a fitar da iska daga birki, ba a tattauna wannan.

Gwajin hanya kuma ga dabara mai sauƙi. In sandar fistin a buɗe take ka ɗaura mata siririn maɗaurin roba irin na haɗa wayoyi, ka tura shi ƙasa ya zauna a bakin jikin shok. Ka je ka bi hanya mai gargada da tudun rage gudu yadda ka saba tuƙi, ka dawo ka leƙa, inda robar ta tsaya nan ne iyakar inda shok ya shige. In ta matse a can ƙarshen sama to yana bugawa, ka ƙara wa robar aksul tsayi. In shok ɗin mai murfi ne sai ka shafa ɗan giris ko alli a bakin robar aksul ka ga ko tana taɓawa da kuma yawan taɓawar. Ka danna bayan motar da ƙarfi ka saki, ta taso ta zauna sau ɗaya, in ta yi ta lilo shok ya yi wa sifirin laushi, in kuma a jerin ƙananan gargada kana jin baya na ƙara nutsewa yana tauri to riƙon miƙewar ya yi yawa, baya barin sifirin ya dawo kafin bugu na gaba.

Ɗaga baya yana taɓa wasu abubuwan da ba ruwansu da shok amma tunda kana ƙarƙashin motar ka duba su. Fitilun gaba za su sunkuya su riƙa haska kusa, a sake saita su. In motar tana da sandar nan ta gicciye da ke riƙe aksul kar ya yi gefe, ɗagawa tana jan aksul ɗin ɓangare ɗaya, ka auna ratar taya da bodi dama da hagu. In akwai bawul ɗin birki mai ɗan sanda da ke jone da aksul, wanda ke rage wa baya birki in ba kaya, yanzu zai ɗauka kullum motar fayau take, sai an sake saita shi bisa sabon tsayin. Wata sabuwar girgiza da ke zuwa a wani gudu na musamman kuma yawanci kusurwar farfela ce ta canza. Ka kai ta a duba alaimen, sannan bayan kamar mako guda ka sake bin kusoshin shok ɗin da sifana, ka kuma maimaita awon tsayuwa ka kwatanta da wanda ka rubuta a takarda, in sifirin ya ƙara zama da rabin inci za ka gani a nan.